Ƙaramin jirgin ƙasa a tsakar gida: amsa ga mai tambaya daga Garwa

Wani bawan Allah daga Garwa ya aiko da tambaya. Ya ce yana da fili a gefen tsakar gidansa, tsawon mita 5 da faɗin mita 3, yana son ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo irin na masu sha'awa, jirgi ya riƙa zagayawa a kai, shi da 'ya'yansa suna kula da shi. Yana son ya san girman da ya dace, da kayan da zai nema, da kuma ko abin zai jure ranar Garwa da ruwan damina.

Malam, zai jure, amma sai ka juya tsarin da yawancin mutane ke bi. Su kan fara da sayen jirgi, sannan su nemi inda za su ajiye shi. A ƙasarmu jirgin shi ne na ƙarshe. Abin da ke kashe irin wannan aiki a Garwa, Marwa ko Njamena guda huɗu ne: rana, ƙurar hunturu, ruwan sama mai zuwa da ƙarfi, da gara. Duk shawarar da ke tafe a nan daga waɗannan huɗun ta fito.

Mu fara da girma, domin shi ne ke yanke sauran lissafin. Ƙananan jiragen da aka fi gani a hotuna, waɗanda ake kira HO, tazarar ƙarafan layinsu milimita 16.5 ce, kuma na cikin ɗaki ne. Ƙwayar tsakuwa guda ko ɗanyen ɗan dalbejiya kan ture su, robar layinsu kuma ba a yi ta don rana ba. Na waje shi ne wanda ake kira G, mai tazarar milimita 45. Kamfanin Lehmann na Jamus ne ya fito da shi a 1968 da sunan LGB, a kan ma'aunin 1 bisa 22.5, wato kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramin jirgi yana madadin santimita 22.5 a jikin na gaske. Idan ka ninka milimita 45 sau 22.5 za ka samu mita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma tazarar layin dogon Kamaru ke nan, wanda ya taso daga Duwala ya bi ta Yawunde ya iso Ngaundere a 1974. Saboda haka wanda ya zaɓi G a nan, ba jirgin wata ƙasa yake kwaikwaya ba. Taragun shanu, da na auduga, da tankokin mai da ake gani a tashar Ngaundere, duk za su zauna daidai a wannan layi. Ga 'yan'uwa na Cadi kuwa, inda babu layin dogo ko kaɗan, yara da yawa a tsakar gida za su fara ganin yadda taya mai leɓe ke bin ƙarfe.

Filinka zai ɗauki zagaye mai siffar ƙwai. Ana sayar da layin gunduwa-gunduwa, kuma lanƙwasassun suna da lamba. Na LGB mai lamba R1 yana yin da'ira mai faɗin santimita 120, R2 kusan 156, R3 kusan 240. R3 ya fi ƙarfin filinka. R1 shi ke zuwa a cikin kwalin farawa, amma kwanarsa ta yi tsanani: tayoyi na gogar ƙarfe, kan jirgi na wahala, dogon tarago kuma yana leƙowa waje. Ka nemi R2. Gunduwa 12 ke cika da'ira, shida a kowane kai, tsawonsu duka kusan mita 4.9. Sai miƙaƙƙu masu santimita 60 guda shida, uku a kowane gefe. Jimilla mita 8.5 ke nan, kuma zai zauna a cikin fili mai tsawon mita 3.6 da faɗin mita 1.8 har da ratar gefe. Idan kana son wurin ajiye tarago, ka cire miƙaƙƙe ɗaya ka sa mararraba, wato gunduwar da layi ke rabuwa biyu a kanta, mai santimita 30 da miƙaƙƙe mai 30, reshen ya shiga cikin zagayen. Mararraba ɗaya ta isa, ta hannu kuma, ba mai lantarki ba. Mafi yawan faɗuwar jirgi a bakin mararraba take faruwa, ƙura kuma ba ta barin ƙaramin injin mararraba ya daɗe.

Kada ka yi hawa da gangara a zagayen farko. Kan jirgin da ke jan tarago shida a shimfiɗe, da zarar an ba shi hawan santimita 3 a kowace mita, rabinsu ma sai da ƙyar, kuma a kan kwana abin ya fi muni. Filin bai isa a ce layi ya hau ya tsallake kansa ba, domin sai an ɗaga shi sama da santimita 22, wanda a hawan santimita 2 cikin mita yana buƙatar mita 11 na hawa kawai. Idan ana son gada, sai a haƙa ƙasa a ƙarƙashin layin a yi kwari, layin ya ci gaba da tafiya a miƙe.

Yanzu ga babban aikin, wato dandamalin da layin zai hau. Kada ka shimfiɗa shi a ƙasan tsakar gida. Garwa na samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma ruwan awa ɗaya a watan Agusta kan mayar da tsakar gida tafki. Marwa da Njamena ruwansu bai kai haka ba, amma da ƙarfi yake sauka, kuma a wurare da yawa ƙasar laka ce mai kumbura idan ta jiƙa, ta dare idan ta bushe, irin wadda Fulani ke kira karal ake dasa muskuwari a kai. Layin da aka ɗora kai tsaye a kanta zai tashi a damina, ya karkace a rani. Ga kuma ƙafar mutane, da tsintsiya, da ruwan wanke-wanke.

Ka zaɓi wurin da katanga ko ɗaki ke yammacinsa, don inuwar la'asar ta rufe shi. Ka nisanci bakin indararo da bakin kwanon rufi, domin ruwan da ke zubowa daga sama zai kwashe tsakuwarka a dare ɗaya. Ka bar aƙalla santimita 30 tsakanin dandamalin da bangon gida, kada danshi ya kama bangon, musamman idan ginin ƙasa ne. Gindin dalbejiya na da inuwa mai daɗi, amma ganye da 'ya'ya da kashin tsuntsu za su zame maka aikin kullum, saiwarta kuma tana ɗaga gini. Gefen inuwarta ya fi gindinta.

Ginin kansa kowane magini zai iya. Ciki mita 3.6 da 1.8, waje mita 3.9 da 2.1 idan da bulo mai kaurin santimita 15 aka yi. A haƙa harsashi mai faɗin santimita 30, zurfin 25, a zuba kankare mai kaurin 15. Idan ƙasar laka ce, a ƙara zurfin zuwa 40, a fara zuba yashi santimita 10 a ƙasa, a sa rodi biyu masu milimita 8 a cikin kankaren su zagaye duka. A ɗora bulo jeri biyu, tsayi santimita 40. Bulo mai tsawon santimita 40 kusan 28 ke shiga jeri ɗaya, don haka ka sayi 60 ko 65 saboda masu fashewa. Siminti buhu 5 zuwa 6 masu kilo 50 zai ishi harsashi da gini da yaɓe. Abin da magina ke mantawa, kuma shi ne mafi muhimmanci, shi ne ƙofofin ruwa: a jerin ƙasa, a kowace mita, a sa guntun bututun roba mai faɗin milimita 40 ko 50 ya ratsa bulon, a ɗaure bakinsa na ciki da ragar sauro ta ƙarfe. Dandamalin da ba shi da su kwatarniya ce kawai, zai cika da ruwa, ƙasar ta zama taɓo, nauyin ya tura bulon waje.

Cikon ya kai kusan lita 2,600, wato fiye da baro 40. Santimita 15 na ƙasa fasassun duwatsu da guntayen bulo. A shimfiɗa tsofaffin buhunan roba saƙaƙƙu a kai, don ƙasa kada ta zurara ta toshe ramukan, amma ruwa ya wuce. Sai marmara santimita 15, ana zubawa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa, ana daɓewa sosai kafin a ƙara. Santimita 10 na sama, a inda za a yi shuka, ƙasar lambu gauraye da yashi. A tsakiya ka kafa faffaɗan dutse ko guntun kankare biyu ko uku na takawa, domin hannun mutum ba ya wuce santimita 70, kuma jirgi yakan faɗi ne a can gefen da ba a kai wa.

Ko icce ɗaya kada ya shiga cikin cikon, ko turke, ko guntun katakon da aka yi awo da shi. Gara za ta same shi, daga nan ta yi gini a kan layin. Wasu na jiƙa katako da baƙin mai su ce sun yi maganinta. Baƙin mai na lalata robar layi, yana kashe shuka, ƙura kuma na manne masa.

Sai haƙuri. Komai daɓen da aka yi, ciko zai nutse da santimita biyu ko uku, kuma ba daidai yake nutsewa ba. Mafi kyau a gama ginin a Afrilu ko Mayu, a bar damina ɗaya ta bi ta kai, a cike inda ya lotsa, a shimfiɗa layi a Oktoba ko Nuwamba. Idan ba za ka iya jira ba, ka riƙa jiƙa shi sharkaf kowane kwana biyu har mako huɗu. Kafin nan yara na iya wasa da jirgin a kan simintin zaure.

Idan lokacin shimfiɗa ya yi, ka jera layin a kan cikon, ka zana gefensa, ka ɗauke, ka haƙa rami mai faɗin santimita 20 da zurfin 10 a bin zanen. Ka kafa guntayen tayil ko siraran tubalin siminti a gefe biyu su riƙe tsakuwa. Tsakuwar ita ce ƙananan fasassun dutsen da ake samu wajen masu fasa dutse, masu kaifi, girman milimita 2 zuwa 5. A tankaɗe da raga mai ido milimita 5 ko 6 a cire manya, a sake tankaɗewa da ragar sauro a rage garin. Yashin kogi da tsakuwa mai sulɓi ba sa kama juna, layi zai yi ta zamewa a kansu. Mita 8.5 za ta ci wajen lita 170, baro uku ke nan, ka ajiye na huɗu don ƙari bayan damina. Ka cika ramin, ka daɓe, ka ɗora layin, ka zuba tsakuwa a kai, ka share da buroshin fenti har ta zo daidai da saman silifa, wato sandunan da ke kwance a ƙarƙashin ƙarafan biyu. A wajen mararraba kuwa tsakuwar ta tsaya ƙasa da sandar da ke motsi, in ba haka ba ƙwaya ɗaya za ta hana harshen mararrabar, wato ƙarfen da ke motsi ya sauya wa jirgi hanya, rufewa.

Ka auna daidaito ta fuska biyu. Ta tsawo, da siririn tiyo mai ruwa irin na magina, a wurare takwas a kewayen. Ta faɗi kuma, da ƙaramin ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, a ɗora shi a kan ƙarafan biyu a kowane santimita 30. Wannan na biyun shi ne mutane ke rainawa. Idan a nan ƙarfen dama ya fi tsayi da milimita biyu, a gaba kaɗan kuma na hagu ne ya fi, layin ya murɗe, tarago mai taya huɗu zai tsaya a kan uku, ta huɗun ta hau ƙarfe ta fita. Gyaransa da sauƙi: a ɗaga gefen da ya yi ƙasa, a tura tsakuwa da tsinke.

Kada ka buga ƙusa, kada ka liƙa layin da siminti ko gam. Dalili shi ne zafi, kuma lissafinsa a fili yake. Ƙarfen layin G na tagulla ne, kuma mita ɗaya ta tagulla na ƙaruwa da milimita 0.019 a kowane digiri ɗaya. Da asubar Janairu ƙarfen na iya sauka zuwa digiri 15. A tsakar ranar Afrilu, iska na haura 40, ƙarfen da rana ke duka kuma yana kai 65, ba ya taɓuwa da hannu. Bambancin digiri 50 ke nan, wato kusan milimita ɗaya a kowace mita, milimita 8 a zagayenka. Idan layin a sake yake a cikin tsakuwa, kwanonin biyu za su ɗan matsa waje da milimita ɗaya da 'yan kai, ba wanda zai lura. Idan an kafe shi, milimita takwas ɗin nan sai sun nemi mafita, sai ka ga miƙaƙƙen ya yi gwiwa a wuri ɗaya, ko haƙoran robar da ke riƙe ƙarfe sun karye. Idan da safe ka haɗa layin, lokacin da ƙarfe ke wajen digiri 25, ka bar rata a mahaɗar miƙaƙƙu. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne, ya isa awo: rata ɗaya mai wannan kauri a kowace mita. Idan da rana tsaka ka haɗa, a matse su, sanyi zai buɗe ratar da kansa.

Batun wuta shi ne inda shawararmu ta saɓa wa abin da ke rubuce a kwali. Jirgin yana zuwa da taransifoma mai mayar da wutar gida ta volt 220 zuwa volt 24 ko ƙasa da haka, wutar ta bi ƙarafan layi ta shiga ta tayoyi. Wannan yana aiki ne kawai idan saman ƙarfen a goge yake kuma kowace mahaɗa na isar da wuta. Daga Disamba zuwa Maris, hazo na zuba ƙura a kan ƙarfe cikin sa'o'i, tagulla na yin duhu, ƙura na shiga mahaɗa duk lokacin da ƙarfe ya miƙe ya koma. Sai jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa, tartsatsi na cin tayoyinsa, kai kuma kana durƙushe kana guga kafin kowane wasa. Ga ɗauke wuta a kan haka. Ka sa batir a cikin jirgin, layi ya zama hanya kawai.

Mai gyaran rediyo ko waya zai iya wannan aiki. A buɗe kan jirgin, a cire wayoyin da ke kawo wuta daga tayoyi, a cire ƙananan takalman ƙarfen da ke gogar layi, a fitar da wayoyin motar biyu zuwa tarago na farko. A cikin taragon a sa ƙwayoyin batirin lithiyom masu lamba 18650 guda huɗu a jere, kowace volt 3.7, jimilla 14.8, tare da allon kariya da ke hana su cika fiye da kima ko ƙarewa ƙarƙaf. Daga batir sai fis mai amfiya 3, sai makunni, sai na'urar rage gudu mai karɓar umarnin rimot. Ƙaramin kan jirgi na jan rabin amfiya zuwa ɗaya, don haka ƙwayoyi masu 2,500 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da suke ɗauka, za su yi awa biyu zuwa huɗu. Ƙwayoyin su zama iri ɗaya, sababbi, masu shekaru ɗaya. Waɗanda aka tsinto daga tsofaffin kwamfutoci daban-daban ba sa cika tare, ɗaya zai yi zafi, kuma wutar lithiyom ba ta mutuwa da sauƙi. Kada a yi caji a rana, ko batir yana da zafi daga wasa, ko a kan katifa, kuma iyakar zafin caji digiri 45 ne, wanda ɗaki mai rufin kwano kan kai a bazara. A yi da safe, a kan siminti, babba yana kusa.

Idan ka nace sai wutar layi, to taransifoman ya zauna a ɗaki, ƙaramar wutar ce kawai za ta fita waje, da wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 a cikin bututu, a haɗa ta da layi a wurare uku, kowace mahaɗa kuma a tsallake ta da guntun waya da aka liƙa da dalma. Wutar 220 ba ta zuwa kusa da dandamalin da ake ba ruwa. Wajen oda kuma ka tabbatar na Turai ne, domin taransifoman Amurka na volt 120 ne, zai ƙone a soket ɗinmu.

Batir na buɗe wata ƙofa, ita ce ƙera layi a gida. Tagulla na da nauyi, kuma kuɗin ɗauko ta daga Turai kan kusa kamo kuɗin saye. Tunda ba wuta za ta bi ba, ana iya amfani da falalen alminiyon daga wurin masu ƙera tagogi, kauri milimita 3, tsayi 12 zuwa 15. A yanka silifa daga farin allon PVC mai kauri, tsawo santimita 9, faɗi da kauri wajen 1.2, a tsaga kowace wuri biyu da zarto, zurfin milimita 6, yadda tsakanin fuskokin ƙarafan na ciki zai zama milimita 45 cif. A kwana a ƙara rabin milimita zuwa ɗaya. A yi mazubin katako na tsagawa don duk su fito iri ɗaya, a jera su kowane santimita 4, a danna falalen ya shiga da ƙarfi. Ya rage aƙalla milimita 6 a sama, domin leɓen tayar G ya kai milimita 3. A lanƙwasa falalen a jikin da'irar da aka zana kafin a sa shi, kada a tilasta shi da silifa. Alminiyon ya fi tagulla miƙewa, milimita 0.023 a mita a digiri, sai a ƙara ratar. Mararraba dai a saye ta, ƙera ta aikin gwani ne. Layin da ƙarafansa ma roba ne, irin na kayan wasan kasuwa, bazara ɗaya ke gama da shi.

Mai son ƙera kan jirgin ma zai iya. Jirgin da ke gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, a wannan ma'auni santimita 37 zuwa 49 ne a daƙiƙa, wato ya zagaye layinka cikin daƙiƙa 17 zuwa 23. Taya mai faɗin milimita 30 na cin milimita 94 a juyi ɗaya, don haka motar volt 12 mai giya da ke juyi 250 a minti ta yi daidai. Tayoyin kuwa a sayo na ƙarfe. Gudun da ya wuce wannan shi ke jefar da tarago a kwana, kuma yara za su so shi, sai a ƙayyade iyakar a jikin na'urar.

Jirgi da taragu ba sa kwana a waje, ba sa kuma yini a rana. Akwati mai murfi a ɗaki shi ne gidansu. Giyar ciki ta roba ce, tana son giris ɗin da ba ya cin roba, ɗan kaɗan, sau biyu a shekara, bayan an goge tsohon. Man inji da yawan giris na tara ƙura su zama abin wasa wuƙa, su cinye haƙoran giya. Maganaɗisun mota kuma na jawo baƙin garin ƙarfe daga yashi, sai a riƙa share ƙasan kan jirgin da busasshen buroshi bayan wasa. Layin shi ke zama a waje. Idan za a rufe shi, da zana ko farin ƙyalle a ɗage a kan sanduna, ba baƙin tamfol a manne ba, wanda ke dafa abin da ke ƙarƙashinsa.

Kayan ado su zo a hankali. A wannan ma'auni mutum santimita 7.5 ne, ƙofa 9, bukka mai faɗin mita uku kuma santimita 13. A yi gine-gine da siminti da aka gauraya da jan kala, a yi rufi da gwangwanin madara da aka buɗe. Ginin ɗanyar laka zai narke a ruwan farko. Abin da aka buga da injin 3D kuma a tambayi irin robar: PLA na laushi a wajen digiri 60, ASA ce ta rana. Ramin da jirgi zai ratsa ya zama faɗin santimita 18 da tsayi 23, a kan miƙaƙƙe, kada ya wuce tsawon hannu, kuma a yi masa marufi a baki biyu, domin kunama da maciji da kwaɗo na son irin wannan wuri mai sanyi. A leƙa da tocila kafin a sa hannu, a koya wa yara haka tun ranar farko. Cikin shuke-shuke, fasa-ƙaba na shimfiɗa ba ya neman ruwa da yawa, lalle na karɓar aski ya zama ƙaramar bishiya, ƙaramar kariya kuma da kumburarren gindinta tana fitowa tamkar kuka a gefen layi, sai dai ruwanta guba ne, a bar ta idan akwai ƙananan yara ko dabbobi. Kiri-kiri kada ta shigo ko da wasa, za ta bi ƙarƙashin tsakuwa ta fito tsakanin silifa. Kaji na son tonon tsakuwa mai wannan girma, akuya kuma za ta hau ta ci lallen, don haka ragar waya mai tsayin mita ɗaya na cikin lissafin kuɗi tun farko.

Idan jirgi ya fara sauka daga layi, ka lura da abu ɗaya kafin ka taɓa komai. In a wuri ɗaya yake faɗuwa ko wane tarago ne, laifin layi ne: murɗewa, ko mahaɗar da ƙarfe ɗaya ya hau bakin maɗaurin maimakon ya shiga ciki, ko tsakuwa a mararraba. In tarago ɗaya ne ke faɗuwa a ko'ina, ka auna tsakanin bayan tayoyinsa biyu, ya kamata ya zama milimita 40, zafi kan sa tayar roba ta zame a kan sandarta. In na tsakiya ne ke kifewa zuwa cikin kwana, ya yi rashin nauyi ne alhali na bayansa masu nauyi ne, sai a sa masa noti biyu ko uku a ƙasan ciki, a mayar da masu nauyin kusa da kan jirgi. Bayan kowace damina a sake bin layin da ma'auni, a ɗaga inda ya nutse, a ƙara tsakuwa daga baron da aka ajiye, a zura sanda a ƙofofin ruwa a tabbatar ba su toshe ba. A farkon Maris kuma, kafin zafi ya kankama, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da sassafe, a kakkaɓe yashin da ya cike ratar da tsohon buroshin haƙori.